Makon Yaro a KG: Yadda Za Ki Bi Shi Daga Daren Lahadi Zuwa Juma'a

Tambayoyi uku ne iyaye mata ba sa gajiya da yi mana, mu malaman KG a Kumasi, a bakin ƙofar aji, ko daga Aboabo suka fito, ko Asawase, ko Sabon Zango. Ta farko: "Madam, yaron nan kullum waƙa yake dawo mini da ita, yaushe zai fara karatu?" Ta biyu, me ya sa ba a cika ba shi aikin gida kamar ɗan maƙwabciya ba. Ta ukun sai hutu ya matso take tasowa: me ake kaiwa ranar Our Day, wato shagalin ranar rufe makaranta, kuma dole ne? Amsar tsaye a bakin ƙofa ba ta gamsarwa, shi ya sa na jera ta a nan. Da uwa zan yi magana don su suka fi zuwa, amma Baba ma akwai rabonsa.

KG, wato ajin yara kafin firamare, shekara biyu ce a Ghana, KG1 ga ɗan shekara 4, KG2 ga ɗan shekara 5, kuma manhajar da NaCCA, hukumar tsara manhajar karatu, ta fitar a 2019 a kan wasa ta gina karatun. Waƙar nan da yake dawo miki da ita, karatun ke nan. Naki aikin bai wuce minti 15 a yini ba, in kin san inda za ki sa shi.

1. Nemi jigon makon

Manhajar ta kasa shekara gida bakwai: yaro da jikinsa, iyalinsa, ɗabi'u da imani, unguwarsu, ƙasarsa Ghana, abubuwan da ke kewaye da shi irin su ruwa da dabbobi da tsirrai, sai duniya gaba ɗaya. Kowane mako malama takan yanko ɗan yanki daga ɗaya, ta rataya komai a jikinsa. In makon masu sana'a ne, labarin tela za a ba su, maɓallai za su ƙirga, almakashi za su zana, wani ya rataya tef a wuya ya auna abokinsa.

Ranar Juma'a ko Litinin ki tambayi abu uku: mene ne jigon makon, wane sautin harafi ake kai, akwai abin da za a kawo daga gida? Shi ke nan.

Gargaɗi: kada ki tare malama da safe yara na shigowa, wannan na kuka, wancan ya zubar da koko. Ki bari sai an tashi, ko ki tura saƙo ta zauren WhatsApp na ajin in akwai.

Ki kuma tambayi harshen da ake koyarwa da shi. Akwai harsunan gida da gwamnati ta amince da su a makarantu, Hausa ba ta cikinsu, don haka a makarantar gwamnati a Kumasi Asante Twi da Turanci ɗanki zai fi ji. Ga Hausa a gida, ga Larabci wajen Malam. Yaron da ya yi tsit a aji makonnin farko ba dolo ba ne, sauraro yake. Kada ki ce za ki daina yi masa Hausa don ya kama Turanci. Yaron da ya iya ba da labari tiryan-tiryan da Hausa ya fi saurin iya ba da shi da wani harshen.

2. Daren Lahadi: haɗa jaka

Asabar da Lahadi yawancin yaranmu suna makarantar allo ko islamiyya, ga suna, ga biki. Da an yi sakaci sai Litinin ta waye ana neman safa ɗaya a ƙarƙashin gado. Bayan Magariba ki zauna da shi ku haɗa tare, shi yana miƙowa kina sakawa:

- yunifom da safa da takalmin da zai iya sa wa kansa, mai mannewa ya fi mai igiya
- gorar ruwa mai murfin da hannunsa ke iya buɗewa
- kwanon abinci da cokali
- hankici
- wando da kamfai na canji a leda, ko da ya daɗe bai yi fitsari a wando ba
- littafin aikin gida in makarantar na bayarwa

Ki rubuta sunansa a kan komai. Gora shida iri ɗaya sukan haɗu a aji guda, duk daga kasuwar Kejetia aka sayo su. Biro yakan goge da wanki biyu, amma ɗigon jan farce a gindin gora da kwano da bayan cokali yana kai zango guda, kuma yaron da bai iya karanta sunansa ba yana gane alamarsa.

A daren ne kuma za a yanke farce, a duba kai. In kin ga makero, wato farin zagayen nan da gashi ke zubewa a wurin, ki kai shi asibiti da katin inshorar lafiya na NHIS, kada ki tsaya shafa man goge baki ko toka. A aji yana yaɗuwa da sauri.

Ɗan shekara 4 ko 5 yana buƙatar barcin awa 10 ko fiye. In ƙarfe 6 zai tashi, to 8 ta same shi a kwance. Wayar da ake miƙa masa don ya yi shiru ita ce ke cinye wannan lokacin.

3. Safiya: ciki, kuɗi, hanya

Ya ci wani abu kafin ya fita, ko da koko ne da ƙosai biyu. Yaron da ya zo da yunwa ana gane shi tun kafin ƙarfe 9: ya kifa kai a tebur, ko ya yi ta tsokanar na kusa da shi.

Maganar kuɗi kashi uku ce, ki raba su a ranki don kada su haɗe miki. Na kullum, shi ne kuɗin abinci da na mota. Na zango, kuɗin makaranta ga mai ɗa a ta kuɗi, da littattafai. Sai na ba-zata, wanda bukukuwa ke jawowa, za mu zo kansa. A makarantar gwamnati ba a biyan kuɗin karatu a KG. Wadda ke cikin shirin ciyarwa na gwamnati, wanda aka fara a 2005, tana ba da dafaffen abinci sau ɗaya a yini, amma ba kowace ce ke ciki ba, kuma ko tana ciki ki sa masa ɗan abin taɓawa a jaka. A ta kuɗi, ki tambaya ko za a iya biyan na abinci mako-mako ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ki ajiye saƙon shaida.

Gargaɗi: kada ki damƙa wa ɗan KG kuɗi a hannu. Ko ya ɓatar, ko ya sayi alawa a bakin get, ko tsabar ta ƙare a bakinsa. Hannun malama ko na mai karɓar kuɗin makaranta za ki ba.

Wanda ya kai shi ya miƙa shi hannu da hannu, ba a sauke shi a bakin titi a wuce ba. In a pragya, wato keke mai ƙafa uku, ake kai shi, a tsakiya zai zauna, babba a gefe. Baba, wannan naka ne: ka ba makaranta sunan mutum biyu ko uku da aka yarda su ɗauko yaron, da lambarka, ka kuma gaya musu duk wanda ba ya cikin jerin sai an kira ka. Yaya ɗan aji uku ba ɗan rakiyar tsallaka titin Aboabo ba ne.

Ki yi ƙoƙari ya riski taron safe. A nan ake taken ƙasa da alƙawarin biyayya, a yi maci zuwa aji. Daga nan sai zaman da'ira, inda ake gaisuwa, a faɗi rana da yanayin gari, a buɗe jigon yini. Mai zuwa a makare kullum wannan yake rasawa, sai ya wuni bai san inda aka dosa ba. In yana kuka lokacin rabuwa, ki yi sallama gajeriya, ki ce bayan Azahar za ki dawo, ki tafi. Kada ki sulale a ɓoye, kada kuma ki laɓe a taga.

4. Litinin: labari da sunayen ranaku

Litinin da safe malamai da yawa sukan tambayi yara abin da suka yi a ƙarshen mako. A hanya ki tuna masa abu ɗaya: "Ka tuna jiya mun je sunan jaririn Anti? Me aka yanka?" Da wannan zai sami abin ɗaga hannu.

Ranakun mako kuwa, a Kumasi an gama mana rabin aikin. Ajinsa cike yake da Kwadwo da Adwoa na Litinin, Kwabena da Abena na Talata, Kwaku da Akua, Yaw da Yaa, Kofi da Afua na Juma'a. Mu ma muna da namu: Altine, Talatu, Balarabe, Lami, Ɗanjuma da Jummai, Asabe, Ladi. Ki gaya masa ranar da aka haife shi, ki nuna masa wanda ke da sunan rana a dangi, ya je ya nemo takwaransa na rana a aji. Kowace safiya tambaya ɗaya: yau wace rana, gobe fa?

5. Talata zuwa Alhamis: sautin harafi

Nan ne iyaye suka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya, don haka zan daɗe a kai.

Mu an koya mana sunayen haruffa, e, bi, si, di. Yanzu da sauti ake farawa. Harafin s ba "es" za a ce masa ba, "sss" ne. Harafin m "mmm" ne, baki a rufe. Makarantun da ke bin tsarin Jolly Phonics ma ba daga a suke bin layi ba, da s, a, t, i, p, n suke farawa, don da waɗannan shida yaro zai iya haɗa ƙananan kalmomi da wuri. To in malama ta wuni tana "sss", ke kuma da dare kin zaunar da shi kina "es", kin ba shi aiki biyu.

Ga yadda za ki yi, minti 10 bayan La'asar ko bayan cin abincin dare:

Da farko kunne. Ki faɗi sautin makon, ku yi farautar abin da ya fara da shi a cikin gida. In s ne, ga sabulu, ga soso, ga siga, ga sallaya. Da Hausa za ku yi, ba laifi, sautin ɗaya ne. Sai ki jefa masa tarko: "Tukunya fa?" Ya yi dariya ya ce a'a. Dariyar nan ita ce shaidar ya gane.

Na biyu yatsa. Ki zuba gari ko yashi a faranti, ki zana harafin babba, ya bi da yatsa yana faɗin sautin. Ya ɓata, a girgiza farantin a sake. Babu gogewa, babu kuka.

Na uku, in ya nuna sha'awa, alli da ƙaramin allo. Fensir da littafi mai layi su ne na ƙarshe, kuma ga ɗan KG1 ba gaggawa. Yatsunsa ba su yi ƙwari ba tukuna. Abin da ke ƙarfafa su shi ne yaga takarda, murza ƙullin fulawa, tsince tsakuwa daga wake, ɓalla maɓallin rigarsa da kansa.

Gargaɗi: kada ki kama hannunsa ki rubuta, kada kuma yayarsa ta yi masa aikin gida. Muna ganewa. Shafi mai tsaf daga hannun ɗan shekara 4 ba ya gaya wa malama komai sai cewa akwai babba a gidan, alhali karkataccen layinsa ne ke nuna mata inda za ta taimaka.

Wani abin da ke tayar wa iyayenmu hankali shi ne yaro ya fara rubutu daga dama, ko ya juya b ta zama d, ko 3 ta kalli baya. Yaran da ba su taɓa ganin allo ba ma suna yin haka a wannan shekarun, balle wanda ranar Asabar Malam ya nuna masa alif da ba daga dama, Litinin Madam ta ce daga hagu. Ki ɗiga masa kore a gefen hagu na shafin, ki ce na Madam daga nan yake tashi. Kada ki cire shi daga ɗaya don ɗaya, yana iya ɗaukar duka biyun. In kuma bahago ne, ki bar shi ya yi rubutu da hagunsa, cin abinci da karɓar abu ki koya masa da dama.

Ra'ayina game da makarantun da ke ba ɗan KG1 shafi uku na kwafe kowane dare, da darasin ƙari bayan an tashi: iyaye ake burgewa, ba yaro ake koya wa ba. In ana karɓar kuɗin darasin ƙari a KG, ki tambaya me ake yi a lokacin.

6. Lissafi da murafen lemo

Kayan aikin kyauta ne. Ki roƙi mai shagon unguwa ya tara miki murafen kwalba 20, ki wanke, ki zuba a gwangwanin madara. Na roba sun fi na ƙarfe, ba sa yanka.

Yaron da ke rera ɗaya zuwa ɗari bai tabbata ya iya ƙirga ba. Ki gwada shi: "Ba ni murfi biyar." Da yawa za su dumbuzo su miƙo. Abin da ake so shi ne ya taɓa kowane murfi sau ɗaya, lamba ɗaya, ya tsaya a biyar, in kin ce nawa ne ya ce biyar ba tare da ya koma farko ba. Goma da ya fahimta haka ta fi ɗarin da ya haddace. Daga nan ya ware su launi-launi, ya faɗi wane tsibi ya fi yawa, ya jera ja, fari, ja, fari, ki ce me zai biyo. Wajen rabon masa ya ƙirga mutanen gida ya kawo faranti daidai da su. Ɗan KG2 ki nuna masa tsabar sidi 1 da sidi 2, ku yi wasan kanti, ki karɓe abinki in an gama.

Gargaɗi: in akwai mai rarrafe a gidan, gwangwanin ya koma saman kwaba da an gama.

7. Laraba: safiyar ibada

Makarantu da yawa suna da safiyar ibada, galibi Laraba, wasu Juma'a. A makarantun da ke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci na GES, hukumar ilimi ta Ghana, addu'o'i da gajerun surori ake yi. A na mishan da wasu na kuɗi waƙoƙin coci ne. Wannan tambaya ce ta ranar neman gurbi, ba ta bayan yaro ya dawo yana rerawa ba. In ya riga ya shiga, kada ki daka masa tsawa, bai san bambanci ba. Ki sami shugabar makaranta cikin mutunci ku yi magana, ke kuma ki riƙe addu'ar barci da ta cin abinci a gida.

8. Juma'a: zazzage jaka

Tun 2004 gwamnati ta ƙarfafa sa tufafin gida ranar Juma'a, makarantu da yawa kuma suna da atamfarsu ta ranar. Wasu kayan motsa jiki ake sawa. Ki tabbatar da wanne ne, ki kuma tambayi lokacin tashi, don wasu makarantunmu na sallamar yara da wuri saboda masallaci.

Da ya dawo ki juye jakar gaba ɗaya. A nan takardar sanarwa ta Talata take, a dunƙule ƙarƙashin ɓawon ayaba. Ki ɗauki zanen da ya yi, kada ki ce "mene ne wannan?", ki ce "ba ni labarinsa." Ya rera miki waƙar makon. Ya nuna miki yadda ake wanke hannu a bokitin Veronica, mai famfon nan a gindi, har tsakanin yatsu. "Me kuka yi yau?" amsarta kullum "ba komai", gara ki ce wa ya zauna kusa da kai, wa ya yi kuka, me Madam ta riƙe a hannu lokacin labari.

In kin ga shatar bulala a jikinsa, ki sani GES ta hana duka a makarantu tun 2017. Ki fara da malamar, in ba ki gamsu ba ki wuce ofishin shugaba. Kada ki kai maganar zauren WhatsApp kafin ki ji ta bakinsu.

9. Ranar haihuwa a aji

Ba dole ba ne, kuma akwai gidajen da ba sa yi saboda fahimtarsu ta addini. In kuna cikinsu ki gaya wa malama tun farkon shekara, don kada ta tsayar da shi gaban aji a yi masa waƙa.

In za ki yi, ki sanar da ita mako guda kafin ranar, ki karɓi adadin yaran ajin, ki ƙara uku a kai. Abu iri ɗaya ga kowa: biskit da ɗan kwalin lemo irin Kalyppo sun wadatar. A raba dab da tashi, ba da safe ba, in ba haka ba karatun yinin ya tafi. Ki tambaya ko akwai yaron da jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko madara. Ban da alawa mai tauri da cingam da balan-balan, duk suna shaƙe yaro. Hoton 'ya'yan mutane kuma ba a sa shi a Facebook sai da izinin iyayensu.

10. Manyan ranaku

Kafin 6 ga Maris, ranar da Ghana ta sami 'yanci a 1957, za ki ji shi yana buga ƙafa a tsakar gida. Lokacin zafi ne, ki ƙara masa ruwa. Ki saya masa kalar zane ja da rawaya da kore da baƙi ya yi tuta, ki gaya masa mace ce ta zana ta, Theodosia Okoh, ki nuna masa hoton Kwame Nkrumah a takardar sidi 2 in kin samu.

Ƙaramar Sallah da Babba duk ranakun hutu ne na ƙasa. Abin da ke faruwa a unguwanninmu na zango shi ne hutun ya miƙe ya cinye mako. In za ku yi tafiya ki faɗa wa malama. Kuɗin barka da Sallah kuwa ku ƙirga su tare kafin ki adana masa.

Ranar al'adu da ranar sana'o'i su ne ramin kuɗi. Kayan Sallarsa sun isa na al'ada, 'yar shara da hula ko atamfa da ɗankwali, ba sai an sayi kente ba. Na sana'a kuma, farar rigar yayansa ta zama ta likita, tef a wuya ya zama tela. Ki ajiye kuɗinki don bikin kammala KG2 a ƙarshen zango na uku, inda makarantun kuɗi kan nemi na hayar riga da na hoto. Ki tambayi adadin tun farkon zangon.

Our Day ita ce ranar ƙarshe ta kowane zango, sau uku a shekara. Ana zuwa da kayan gida, a ci, a sha, a yi rawa. Ki dafa abin da ya saba ci, dafa-duka ko waakye da ƙwai, a kwanon da zai iya buɗewa, da lemo ɗaya, da biskit ɗin da zai raba da abokai. Kwando shaƙe da kaya ɗan shekara 4 ba ya cinyewa, rabi zubewa yake, rabi manyan yara su karɓe. A makarantar da aka cakuɗa, ki ce wa malama ta sa ido kan musayar nama. Kyautar malama ba farilla ba ce, sabulu ko ɗan yadi ya isa in da hali, kada ki ci bashi a kanta. Kayan da za ki sa masa su zama waɗanda in miya ta zuba ba za ki ji ciwo ba, takalmin kuma wanda zai iya gudu da shi.

Ranar ana tashi da wuri, get a buɗe, mutane na shiga da fita, don haka babba ne zai je ɗauko shi, kuma a kan lokaci. Kafin ku fito ki karɓi katin sakamako, ki duba kwandon kayan da aka tsinta ko gorarsa na ciki, ki tambayi ranar komawa da sautukan da aka tsaya a kansu, ki rubuta su a bayan katin.